Miliyan uku a hannu, tsohon bashi a wuya: fili za ka saya ko sunanka za ka wanke?

Ƙanin matata ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shekararsa 38, yana haya a Mararaba. Kullum da asuba yana cikin cunkoson Nyanya don ya isa Sakatariya kafin ƙarfe takwas. Ya fi shekara goma ana yankar kashi 2.5 na albashinsa zuwa asusun gidaje na ƙasa, NHF, bai taɓa waiwayar kuɗin ba sai bara, da mai gidansa ya ƙara masa kuɗin haya karo na biyu a jere. Ya samu wani gida mai ɗaki biyu da falo a wani rukunin gidaje a hanyar Kuje, ya haɗa takardunsa cikin fayil, ya roƙe ni in raka shi wani bankin ba da lamunin gida a Garki.

Muna zaune, ma'aikaciyar ta karɓi lambar BVN ɗinsa, ta danna kwamfuta, sai ta yi shiru. Can ta juyo da allon ya fuskance mu, ta ɗora bakin biro a kan wani layi.

"Malam, ka san da wannan?"

Bashin albashi ne na dubu 900 da ya ci a farkon 2019, lokacin da aka yi wa matarsa aiki wajen haihuwa. Ya biya na wasu watanni, abubuwa suka cushe, sai ya sauya bankin da albashinsa ke shiga ya bar wancan asusun ya mutu. Uwar kuɗin da ta rage dubu 620 ce. Da kuɗin ruwa da tara, ranar da muke zaune a Garki ta kai miliyan 1.8. Matar ta rufe fayil ɗin a hankali ta tura masa, ta ce ya je ya gyara tukuna.

Sai da muka wuce AYA ya buɗe baki. "Yaya, wallahi na ɗauka sun manta."

A lokacin yana da miliyan uku a hannu: kwasar adashin ofis da kasonsa na wata gonar gado da aka sayar a gida. Abokansa na ofis suka ce ya rabu da banki, ya je Masaka ko bayan Gwagwalada ya sayi fili, ya riƙa ɗora bulo yadda Allah ya hore. Ni kuma na ce ya fara kashe bashin. Mun yi mako biyu muna ja-in-ja, kuma a cikin wannan ja-in-jan na gane cewa abokan nasa ba shirme suke faɗa ba. Kowace hanya da ribarta da cizonta, kuma ba mutum ɗaya suka dace da shi ba.

Kafin a kai ga zaɓi, ya kamata mutum ya san mene ne layin nan da aka nuna mana. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara tarihin bashin mutane: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Akwai dokar da ke tafiyar da su tun 2017. Bankunan kasuwanci, ƙananan bankuna da yawancin manhajojin ba da rance masu rajista suna aika musu da bayanin wanda ya ci bashi da yadda yake biya, kuma an wajabta wa banki ya duba aƙalla biyu daga cikinsu kafin ya ba kowa rance. A ƙa'idar Babban Banki, bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya fita daga sahun lafiyayyu. Ya wuce 180 ya zama abin shakka. Ya haura 360 kuwa, an lissafa shi a matsayin asara. CRC har maki take ba mutum, daga 300 zuwa 850. Mutane da yawa sun ji an ce bayan shekara shida ake goge bayani, sai su zauna jiran wa'adin. Ba haka abin yake ba. Matuƙar bashin a buɗe yake, bankin na ci gaba da aika rahotonsa, kullum sabo yake zama.

Doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ko wace hanya za ka bi, fara da wannan, kuma ka nema daga duka ukun, don ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Wani zai tarar da bashin da ya biya tuntuni yana nan a rubuce. Wani kuma sunansa zai gani a jikin bashin abokin aikin da ya tsaya wa shekarun baya, wanda aka yi wa canjin wurin aiki ya ɓace.

Hanyar fili da bulo

Ƙarfin wannan hanya shi ne ba wanda zai tambaye ka BVN. Mai fili kuɗinsa yake so, mai bulo ma haka, magini ma haka. Babu kuɗin ruwa, babu wata da za ka wayi gari an ce ka makara. Haka iyayenmu suka yi gidajensu a Kano da Zariya da Jos: bana fandisho, baɗi a kai linta, shekara ta uku a yi rufi, a tare a ɗaki ɗaya a ci gaba da filasta ana ciki.

Hujjar abokansa mafi nauyi ita ce tsadar kaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a Yuni, kuɗi a hannu narkewa yake yi kamar ƙanƙara a rana. Buhun siminti da ake saye kusan dubu biyar ya haura dubu goma a farkon 2024. A ƙarshen shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 34. Duk wanda ya saba shiga kasuwar Dei-Dei ya san yadda farashin rodi da kwano ke sauyawa tsakanin Juma'a da Juma'a. Suka ce masa: filin da za ka saya yau miliyan uku, nan da shekara biyu ba za ka same shi a haka ba, bankin kuwa yana nan, ba inda za shi. Magana ce mai kama hankali.

Amma akwai abubuwa uku da ba su faɗa masa ba, ko kuma suka faɗa a gurguje.

Na farko takarda. A cikin Babban Birnin Tarayya, Ministan Abuja kaɗai ke da ikon ba da fili. Filin miliyan uku kuwa, galibi takardar da ke kansa ta dagaci ce ko ta ƙaramar hukuma, ko kuma yarjejeniyar ciniki kawai da shaidu biyu. Irin wannan fili kan yi shekara ashirin lafiya lau, kuma rana ɗaya a shafa masa jan fenti, katafila ta biyo baya. Wanda ya zauna Abuja ya ga rusau da idonsa, ba labari ba ne. Binciken fili a ofishin AGIS, mai riƙe da bayanan filayen Abuja, kafin biyan kuɗi ba almubazzaranci ba ne, haka ma a ɓangaren Nasarawa inda NAGIS ke riƙe da bayanan. Kuma ko an tsira daga rusau, filin da ba shi da ingantacciyar takarda ba za ka iya jinginar da shi gobe ka samu kuɗin ƙarasa gini ba.

Na biyu haya. Duk shekarun da gini ke tsaye, mai gidan haya na karɓar nasa, shekara guda a dunƙule. Albashi ɗaya ne zai ciyar da gida, ya biya makaranta, ya biya haya, sannan ya sayi siminti. Shi ya sa bayan garin Kuje da Masaka da Suleja suke cike da kangaye da suka tsaya a linta, ciyawa ta cinye ɗakunan, almajirai da awaki na kwana a ciki. Masu su ba malalata ba ne. Numfashi ne ya ƙare.

Na uku shi ne bashin kansa, wanda ba barci yake ba. Ƙanin matata ya yi sa'a nasa tsoho ne. Wanda ya ci bashi a 'yan shekarun nan kusan tabbas ya sa hannu a kan tsarin GSI da Babban Banki ya fara aiwatarwa a watan Agustan 2020, wanda ya ba bankin da ke binka damar kwashe uwar kuɗi da kuɗin ruwa daga duk wani asusu da ke ɗauke da BVN ɗinka a kowane banki. Na san mutanen da saboda wannan suke ajiye kuɗinsu a asusun matansu ko na ƙannensu, suna rayuwa kamar masu gudun hijira daga sunansu. Mai ginin gida a haka kullum gabansa faɗuwa yake duk lokacin da aka turo masa kuɗi mai kauri.

Sai kuma abin da ba na banki ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a ci shi a kasa biya. Amma hadisi ya tabbata cewa jinkirin mai hali zalunci ne, kuma wanda ke riƙe da miliyan uku ana binsa uwar kuɗi dubu 620 ba zai kira kansa marar hali ba. In ta Allah ta kasance, kafin a raba gado sai an fitar da bashi. Filin da aka saya don yara shi za a fara ɗagawa.

Hanyar wanke suna

Me mutum zai samu in ya kashe bashi ya jira? Amsar a lissafi take. Lamunin NHF da bankin gidaje na tarayya, FMBN, ke bayarwa ta hannun bankunan lamunin gida, kashi 6 ne a shekara, har tsawon shekara 30, ga wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi. Rufinsa da miliyan 15 ne, daga baya aka ɗaga zuwa miliyan 50. Ɗauki miliyan goma. A kashi 6 na shekara 30, biyan wata bai kai dubu 60 cif ba. Ka je bankin kasuwanci da wannan miliyan goman, a ce sun ba ka a kashi 25 na shekara goma, biyan wata zai kai kusan dubu 227. A ƙasar da farashin kaya ke tashi kowace shekara, bashin kashi 6 na shekara talatin kusan kyauta ne: dubu 60 ta yau ba ita ce dubu 60 ta shekara goma masu zuwa ba, amma abin da za ka biya bai motsa ba. Kuma ranar da ka tare, haya ta ƙare. Ga kuma wata ƙofa da mutane da yawa ba su sani ba: tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta amince ma'aikacin da ya yi wata 60 yana zubi ya ɗauki har kashi 25 na kuɗin fanshonsa ya biya kafin alƙalamin lamunin gida. Duk waɗannan ƙofofi a rufe suke ga mai jan layi a sunansa.

Wannan shi ne abin da ƙanin matata zai sayar in ya bar bashin miliyan 1.8 ya ci gaba da ruɓewa. Da na zana masa a bayan ambulan ya yi shiru.

To amma kada a yi wa kowa romon baka. Biyan wata ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu ba. Ke nan mai son miliyan goma na shekara 30 sai albashinsa ya kai kusan dubu 180. Kuma miliyan goma, wane gida za ta saya a Abuja yau? Ba Gwarimpa ba, ba Kubwa ba, ko Lugbe ma da ƙyar a yi maganar. Ƙaramin ma'aikacin da ke kusa da mafi ƙarancin albashi na dubu 70, gaskiya ko sunansa ya fi madara fari, lamunin da zai samu ba zai saya masa gida a cikin birnin nan ba. Sannan shekaru na ci. Dole bashin ya ƙare kafin ritaya, wato shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki. Miliyan goman nan in shekara 20 ta rage maka, biyan wata ya koma kusan dubu 72. In 15 ce, dubu 84. Duk shekarar da aka ɓata ana ɓuya wa banki, daga wannan wa'adin ake cire ta. Ga kuma jira: takardun NHF kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, gidan kuma sai mai tsabtatacciyar takarda, kuma ba kowane mai gida ke da haƙurin jiran kuɗin gwamnati ba.

Yadda za a kashe bashin ma zaɓi ne mai zaman kansa, kuma a nan mutane suka fi asarar kuɗi.

Akwai biya gaba ɗaya, yadda aka rubuta. Shi ya fi tsabta a rahoto, kuma in bashin ƙarami ne ko bai daɗe ba, kar ka tsaya ciniki, biya ka huta. Amma a tsohon bashin da tara ta ninka, biyan duk abin da kwamfuta ta nuna ba tare da tambaya ba sakaci ne.

Akwai neman rangwame. Bashin da ya haura kwana 360, banki ya riga ya ware kuɗi ya rufe gurbinsa a littafinsa. Duk abin da ya shigo daga baya tsintuwa ce a gare su, shi ya sa sukan saurari wanda ya zo da ƙafarsa da kuɗi a dunƙule. Mun je tare. Sashen karɓo bashi na bankin wani ɗan ofis ne a bene na biyu, fayiloli jibge har kan kujerar baƙi, sai da jami'in ya kwashe su ya ɗora a ƙasa muka samu wurin zama. Abu na farko da muka nema shi ne cikakken bayanin asusun tun ranar da aka ba da bashin, muka zauna da biro muka raba shi gida uku: uwar kuɗi, kuɗin ruwa, tara. Tarar kaɗai ta kusa dubu 500. Jami'in ya ce miliyan 1.5.

"Yallaɓai, a duba mana," in ji ƙanin matata. "Uwar kuɗinku ba na musu a kai, yau ma in kun ce in biya zan biya. Sauran ne ya fi ƙarfina."

Aka ce ya rubuto a takarda. Ya rubuta, ya haɗa da takardar asibiti ta wancan lokacin. Bayan mako uku aka kira shi a kan miliyan 1.1, a biya cikin kwana goma sha huɗu.

A nan ga abin da ba a sassauci a kansa. Kada ka biya ko kwabo sai an ba ka tayin a rubuce, a kan takardar banki mai tambari da sa hannu, tana cewa wannan adadi shi ne biya na ƙarshe. Ka biya cikin asusun bashin, ba asusun wani wakili ko jami'i ba, komai kirkinsa. Bayan biya ka karɓi takardar shaidar cewa ba sa binka komai, ka yi mata hoto, ka ajiye ta inda kake ajiye takardun makaranta. Wanda ya biya bisa alkawarin baki, kuɗinsa kan tafi a matsayin ragin kuɗin ruwa, bashin ya ci gaba da tafiya. Aibin rangwame shi ne rahoton kan iya nuna cewa da yafiya aka rufe, kuma tarihin makarar ba ya gogewa nan take. Banki na gaba zai gani. Amma tsakanin "ya makara, ya zo ya rufe" da "har yanzu ana binsa" akwai tafiya mai nisa.

Akwai kuma sake tsara bashin, a mayar da shi biyan wata-wata na shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Wannan na wanda ba shi da dunƙulallen kuɗi ne, ko wanda ke son riƙe abin hannunsa don kafin alƙalami. Yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: kowane wata da ka biya a kan lokaci yana shiga rahotonka, kana biya kana gina sabon tarihi. Sai dai za ka biya fiye da mai rangwame, kuma muddin yana tafiya yana cin wani ɓangare na kashi ɗaya cikin ukun nan da za a auna ka da shi. In ka sake tuntuɓe sau ɗaya kuma, ka koma gidan jiya, har ma ka fi da lalacewa.

Abu biyu kuwa kada ka yi su, ko kusa. Cin sabon bashi a manhajar waya don biyan tsoho: kuɗin ruwansu na mako ko na wata ne, kuma kowa ya san yadda wasunsu suka riƙa tura saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayar mutum, har sai da hukumar kare masu saye ta FCCPC ta sa musu ƙa'idar rajista a 2022. Da kuma masu cewa a ba su dubu hamsin su "wanke BVN". Ba wanda ke iya goge bashi daga waje. Bankin da ya kai rahoto shi ke gyara shi.

Bayan an rufe, sai gini, kuma ba siminti nake nufi ba. Abin da bankin lamuni zai duba shi ne shige da ficen asusunka na wata shida zuwa shekara, da rahoton nan. Don haka albashi ko cinikin kasuwa ya riƙa bi ta asusu ɗaya mai sunanka. Ɗan kasuwar Wuse da ke juya miliyoyi a aljihu da asusun yaron shagonsa, a idon banki ba shi da komai. Adashi kuma, duk da amanar da ke cikinsa, ba ya shiga rahoton kowa. Ka yi shekara goma kana zubi ba fashi, uwar adashi kaɗai ta sani. Abin da ke shiga shi ne ƙaramin bashi daga wurin da ke kai rahoto, wanda ka tabbata ko albashi ya makara za ka iya biya: firij, ko sola ta ɗaki biyu, a biya cikin wata shida. Ɗaya ya isa. Kuma a kiyayi rubuta cek ga mai gida ko mai rukunin gidaje alhali babu kuɗi a asusu, don cek ɗin da ya dawo shi ma ana kai rahotonsa, ban da cewa laifi ne a doka.

Na san akwai mai karatun da tun ɗazu yake cewa: duk wannan ai riba ce, kashi 6 ma ruwa ne. Gaskiyarsa, kuma mutane da yawa a cikinmu a nan suka tsaya. Ga irinsu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, dukansu hedikwatarsu na nan Abuja, sai Lotus a 2021. Suna sayen gida su ba ka haya har ka mallaka, ko ku yi tarayya kana sayen kasonsu sannu a hankali. FMBN ma yana da tsarin haya har mallaka, har da nau'in da babu ruwa a ciki, sai dai gidajen da ke ƙarƙashinsa ƙididdigaggu ne, masu nema kuma sun fi su yawa. Abin lura biyu ne. Rashin ruwa ba ya nufin araha: ribar bankunan nan tana tafiya ne da yanayin kasuwa, wa'adinsu kuma bai kai na NHF ba. Sannan su ma rahoton nan suke dubawa, daga kamfanonin nan uku. Mai gudun riba ma sai ya wanke sunansa, kuma ƙaramar murabaha ta kayan gida a irin waɗannan bankuna, wato banki ya sayi kayan ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya a kai kana biya a hankali, hanya ce ta gina tarihi ba tare da ya taɓa abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba.

Tsakanin hanyoyin biyu akwai masu rukunin gidaje da ke karɓar biya kashi-kashi cikin shekara ɗaya ko biyu. Yawancinsu ba ruwansu da tarihin bashinka. Amma wa'adin gajere ne, kason wata mai nauyi ne, kuma sau da yawa hoton gida kake saye ba gida ba. In ba ka taka ƙafa ka ga rukunin da suka gama a baya ba, ka kuma ga takardar filin da idonka, bar kuɗinka a inda yake.

In aka ce in raba gardama, ga yadda nake gani. Mai albashi tsayayye, wanda ake yankar masa NHF, wanda shekara ashirin ko fiye ta rage masa a aiki, kuma albashinsa zai iya ɗaukar lamunin da zai sayi gida na gaske, wauta ce ya jefar da kashi 6 saboda tsohon bashin da rangwame zai kashe. Ya rufe, ya jira shekara, ya koma. Wanda ya haura hamsin, ko mai sana'ar da samunsa ke hawa da sauka, ko ƙaramin ma'aikacin da lissafin kashi ɗaya cikin uku ba zai kai shi ko'ina ba, ko wanda ya yanke cewa shi da lamunin banki har abada, hanyarsa fili ce da bulo, kuma ba faɗuwa ba ce. Sai dai shi ma ya je ya nemi rangwame ya rufe bashin tukuna, ko da hakan na nufin filin ya ƙara nisa da titi ko ya zama rabin fuloti. Inda kawai zan ce a fara sayen fili kafin a gama da banki shi ne in bashin ya fi abin hannu nesa ba kusa ba, kamar mai miliyan uku da ake bi goma sha biyar. Shi wannan ko ya zuba duka ba zai rufe ba. Ya je a sake masa tsari ya riƙa biya a hankali, ya san cewa lamunin gida ba nasa ba ne a 'yan shekarun nan, ya lallaɓa da ginin hannu.

Ƙanin matata ya biya miliyan 1.1 ana saura kwana uku wa'adi ya cika, ya karɓi takardarsa bayan ya yi sawu huɗu. Ragowar miliyan 1.9 ya ajiye don kafin alƙalami. Bayan wata biyu ya sake neman rahotonsa: kamfani ɗaya ya nuna an rufe, ɗaya kuma har lokacin yana nuna miliyan 1.8. Ya rubuta wa bankin ƙorafi ya haɗa da hoton takardar, ya sa aka buga masa tambarin karɓa a kwafinsa, don ƙa'ida ita ce a ba banki mako biyu, in bai gyara ba a kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. A kwana na goma sha biyu suka gyara. Gidan hanyar Kuje kam an sayar wa wani tun tuni, irinsa kuma an ƙara masa miliyan biyu. Yanzu wani yake zawarci a Gwagwalada, ya ce ranar Asabar in ba ni da abin yi in zo mu je mu ga ko ruwa na kwanciya a layin da damina.